Wa zai riƙe manhajar bayan ka kammala?

Wata abokiyar karatuna ta yi mini tambaya kwanakin baya, har yau tana cina a rai. Mu biyar aka haɗa rukuni ɗaya a kwas ɗin gina manhaja, a jami'ar da nake digiri na biyu a nan Jamus. Aikin da aka ba mu shi ne mu ƙara wa manhajar ɗalibai wani sashe da zai riƙa nuna ɗakunan da ba kowa a ciki, saboda masu neman inda za su zauna su yi karatu tare. Muna cikin tsara aikin sai na buɗe kwamfuta na nuna musu hotunan wata manhaja da ni da abokaina biyu muka gina muna aji uku a gida. Da jadawalin lakca, da taswirar makaranta, da wurin sanarwa, duk akwai. Ba zan ɓoye ba, da alfahari na nuna. Ta duba sosai, ta ce ta yi kyau. Sai kuma ta ce, "Wa ke sa jadawalin a ciki?" Na ce ni. Ta ce, "To bayan ka kammala fa?"

Ba da wata manufa ta tambaya ba, amma ta sosa mini inda ke ciwo. Manhajar tamu ko zango biyu ba ta cika ba ta mutu, tun ma ban kammala ba.

Bari in ba ku labarin manhajar jami'ar nan ta Jamus. A lokacin sanyi a nan, ƙarfe takwas na safe gari bai gama wayewa ba, kana fita numfashinka na hayaƙi. Kafin ka sa takalmi ka riga ka san abin da ke jiranka, domin da ka buɗe waya jadawalinka ne zai fito, naka kai kaɗai, na kwasa-kwasan da ka yi wa rajista. In an sauya ɗaki, saƙo zai shigo ya faɗa maka sabon ɗakin da ginin da hawa na nawa ne, ka taɓa taswira ta kai ka har bakin ƙofa. In malami ba shi da lafiya, ba sai ka sha sanyin banza ba. Suna da wata tsohuwar ɗabi'a ta fara lakca minti 15 bayan lokacin da aka rubuta, in dai an sa haruffan c.t. a gefe. Baƙo yakan rikice da wannan, ita kuwa manhajar ainihin lokacin take nuna maka. Littafin da ka aro a laburare tana tuna maka ranar mayarwa, kana kwance ka ƙara wa'adi. Sakamakon jarrabawa a nan yake fitowa, kai kaɗai za ka gani, ba wanda zai tsaya a bayanka yana leƙen makinka. Kayan karatu suna kan Moodle, wani dandalin karatu na intanet wanda wani ɗan Ostireliya, Martin Dougiamas, ya fitar a 2002, kuma kyauta ne ga duk makarantar da ke so. Intanet ɗin makaranta kuwa eduroam ne. Sau ɗaya za ka shigar da sunanka da kalmar sirri, ko wata jami'ar ka je a wata ƙasa, in suna cikin tsarin, wayarka da kanta za ta hau.

Watanni na yi ina ɗaukan cewa ƙwarewar masu rubuta manhajar ce ta jawo wannan duka. Sai da muka shiga cikin aikin na gane ba nan gizo ke saƙa ba. Babu wani mutum da ke zaune yana shigar da jadawali cikin manhaja. Ofishin da ke raba ɗakuna yana da rumbun bayanai guda ɗaya, a nan ma'aikaci zai yi gyara sau ɗaya, manhaja kuma ta ɗauko ta wata ƙofa da jami'ar ta buɗe mata da kanta. Sashen da muka gina bai ɗauke mu mako uku ba, saboda bayanan suna nan a jere, tambaya kawai muka yi aka ba mu izini. Manhajar kuma tana da masu ita, ma'aikatan cibiyar kwamfuta ne, da wasu ɗalibai da ake ɗauka aikin sa'o'i ana biyansu. Wannan ya kammala ya tafi, wani ya gaje shi, ya tarar da komai a rubuce.

Namu kuwa ba sai na faɗa muku ba. Ofis-ofis muka bi muna roƙon jadawali, nan a ce mu rubuto takarda, can a ce mai sa hannu ba ya nan. Da muka gaji sai muka koma ɗaukar hoton allon sanarwa, da dare in zauna in shigar da shi layi-layi da hannuna. A zango ɗaya sau uku aka sauya jadawalin. Ranar da wasu 'yan aji ɗaya suka bi manhajarmu suka rasa gwaji, ranar aka daina yarda da mu, kowa ya koma zauren WhatsApp na ajinsu. Ban ga laifinsu ba.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce iyawa ce ba mu da ita. Flutter ɗin da Google ta fitar a ƙarshen 2018, wanda ke ba ka damar rubuta manhaja ɗaya ta yi aiki a Android da iPhone, da shi muka yi tamu, da shi kuma muke aiki a nan. Ta wani fannin ma tamu ta fi. Mun san darajar data, mun san wayoyin da ke hannun abokanmu, don haka muka yi ta ƙarama, muka sa ta ajiye jadawali a cikin waya, ko babu sabis za ta buɗe. Tasu kuwa shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda sabis ba ya kaiwa, ka ga tana ta juyi. Da na kawo shawarar ajiye bayanai a waya, biyu daga cikin 'yan rukuninmu ba su taɓa tunanin akwai buƙatar haka ba. Na san samari a gida da suka koyi wannan sana'a da tsohuwar kwamfuta mai mataccen batir, ana ɗauke wuta suna jira. Ka ba su rabin abin da aka ba mu nan ka sha mamaki.

Na sani za a ce kuɗi, za a ce wuta, kuma gaskiya ne. Za a ce yajin aikin malaman jami'o'in Najeriya na 2022 wata takwas ya ɗauka, wane jadawali manhaja za ta nuna a irin wannan shekara? Wannan ma na yarda. Amma sakin jadawalin da aka riga aka buga a kwamfutar ofis ba ya cin ko sisi. Abin da na gani da idona shi ne mutane sun ɗauki bayani tamkar mulki, wanda ke riƙe da takarda yana so a zo a same shi. Kuma manhaja kamar kiwo take, ba a ɗaure ta a tafi. Google Play kanta duk shekara tana ɗaga sharaɗin sigar Android da dole manhaja ta dace da ita, wadda aka yi watsi da ita sannu a hankali sai masu sababbin wayoyi su daina ganinta. Ɗalibi shekara huɗu ko biyar zai yi ya wuce. In jami'a ba ta ce wannan tawa ce ba, ta ɗora wa wani ma'aikaci alhakinta, to duk ƙanen da ya rubuto mini yana neman shawara kan irin wannan aiki, abu ɗaya nake faɗa masa: kafin ka rubuta layi ɗaya, je ka samo wanda zai ba ka bayanai a hukumance, da wanda zai karɓa daga hannunka.

Akwai dai wani abu da ban faɗa wa 'yan rukuninmu ba sai daga baya. A watan Nuwamba zazzaɓi ya kwantar da ni kwana shida a ɗaki. Saƙon da ya shigo mini daga makaranta a kwanakin nan ɗaya ne, na laburare, cewa wa'adin littafi ya kusa. Ba wanda ya san ban zo ba, domin ba wanda ke buƙatar tambayar wani komai, kowa da amsarsa a aljihu. A gida kuwa ranar da na makara gwaji, wakilin ajinmu sau huɗu ya kira ni, ya kuma tsaya ya roƙi malami ya ƙara mini minti goma. Wannan wakilin da muka gina manhaja don mu huta da dogaro da shi.

Sai na kawo shawarar mu sa wani maɓalli da zai nuna wa 'yan aji in wani ya kwana biyu bai leƙo ba. Suka ƙi nan take, suka ce dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2018, ba za ta bari a bi sawun ɗalibi haka ba. Sun fi ni gaskiya, na janye. Ranar Alhamis za mu gabatar da aikin, kuma yana tafiya lafiya lau. Zauren WhatsApp na ajinmu na gida kuwa har yanzu ban fita ba, shekara uku da kammalawa. Shekaranjiya da dare na shiga na ga wakilin namu yana cigiyar wani da aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, mutum bakwai sun riga sun amsa.