Igiya huɗu da wuri, amma iƙamarka a hannun wa take?

Tun da Saudiyya ta sanar da kafa sabon kamfanin jiragen sama na Riyadh Air a watan Maris na 2023, ƙannenmu da suka fito daga kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya ba su da hira sai ta nan. Da yake a Riyad nake zaune, tambayar ba ta wuce ɗaya: "Yaya, in taho ko in tsaya gida?"

Abin da ke jan su a fili yake. Kamfanin da ya yi odar Boeing 787 guda 39 a tashin farko, ya ƙara da Airbus A321neo 60, yana kuma cewa zai riƙa sauka a garuruwa sama da 100 nan da 2030, ai dole ya nemi kyaftin, masu igiya huɗu, ido rufe. A tsohon kamfani mataimaki kan daɗe a kujerar dama yana jiran wani ya cika 65 ya yi ritaya. A mai tasowa kuwa, duk jirgin da ya iso sai kujerun hagu, wato na kyaftin, su buɗe.

Gida ma ana tasowa. Air Peace ya fara zuwa Landan daga Legas a 2024, ga su Max Air da Rano Air suna tashi daga Kano. Inda aka bambanta shi ne aljihun da ke ɗauke da girman. A nan Saudiyya asusun zuba jari na gwamnati ne. Can gida kuwa yawanci attajiri ɗaya ne, yana sayen kayan gyara da dala, yana sayar da tikiti da naira. Mun ga yadda Nigeria Airways ya rushe a 2003, Air Nigeria ya bi shi a 2012, hukumar karɓo basussuka ta AMCON ta karɓe Arik a 2017. Dukkansu da buri suka fara.

Sai dai masu yi mana kallon mun tsira ba su ga 2020 a nan ba. Da korona ta ajiye jirage, manyan kamfanonin yankin Gulf sun sallami matuƙa da yawa. Ba ƙungiyar ƙwadago da za ka kai wa kuka, iƙamarka kuma a ɗaure take da aikin. Ranar da aka sallame ka, har kuɗin haya da makarantar yara sun tafi, sai haɗa akwati. A gida albashi kan yi jinkiri, amma ba mai korar ka daga gidan mahaifinka.

Wani abin da ba a rubutawa a tallan aiki: jirage kan riga matuƙa isowa, don haka matuƙan da ake da su su ke ɗaukar nauyin. Doka ta ƙayyade awanni 100 na tuƙi cikin kwanaki 28, kamfani mai sauri kuma a bakin iyakar yake ajiye ka. Ƙarfe biyu na dare kana ɗaura igiyar takalmi, maiɗakinka na tambaya cikin magagin barci ko za ka yi Sallah a gida, kai kanka ba ka sani ba, don jadawalin na iya sauyawa kafin asuba. Ga yarjejeniyar horo: sun koya maka jirginsu, in ka tafi kafin wa'adi sai ka biya.

A ganina, wanda bai tara awanni 1,500 na babban lasisi ba ya zauna gida tukuna. Kano zuwa Abuja, sauka huɗu a yini, cikin hazon hunturu, ya fi gyara hannu a kan doguwar tafiyar da sauka biyu ko uku kawai za ka samu a wata. Saurayi ko mai ƙaramin iyali da ya cika littafin awanninsa, ya taho, kakarsa ta yanke saƙa. Amma kyaftin mai shekara 50 da 'ya'ya a sakandare, wanda watakila a ce ya koma kujerar dama ya sake bin layi, shi kam ba zan ce masa ya saki na hannu ba.