Kafin a Yanke wa Littafi Hukunci

A shekarar 2020 Djaïli Amadou Amal, marubuciya 'yar Marwa a arewacin Kamaru, ta lashe kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a Faransa da littafinta Les Impatientes, labari a kan auren dole da zaman kishi. Tun daga nan, daga Garwa har Ngaundere, hukunci biyu nake ji: wasu na cewa ta faɗi gaskiya, wasu na cewa ta tona asirin gida don Turawa su tafa mata. Abin da ke ci mini rai shi ne, da yawa daga ɓangarorin biyu ba su buɗe littafin ba. A bakin wani suka ji, ko suka ga hoton shafi guda a WhatsApp.

A ganina mai karatu na ƙwarai shi ne wanda ke iya riƙe bakinsa har ya kai ƙarshe. Littafin nan mata uku ne ke ba da labarinsa bi da bi: Ramla, Hindu, sannan Safira. Wanda ya tsaya a kashin farko zai san Safira a matsayin uwargidan da aka yi wa kishiya da Ramla, shi ke nan. Sai a kashi na uku ta buɗe baki, ka ga tsoron mace mai 'ya'ya da ke ganin gidanta na suɓuce mata, ka ga muguntar da tsoron ya sa ta aikata. Ba lallai ka yafe mata ba, amma ka daina ganinta baƙa ƙirin. Wanda ya gaggauta ya yi asarar wannan.

Akwai kuma bambance bakin marubuci da na mutanen labarinsa. Babu wanda ya taɓa kiran kakarsa ɓarauniya don ta ba da tatsuniyar satar Gizo, amma da an ga mugun uba a takarda sai a ce marubuciya ta zagi iyaye.

Laifin makarantunmu ma yana nan. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare, yakan haddace taƙaitaccen bayanin da malami ya rubuta a allo, ya ci maki, littafin kuwa bai taɓa shi ba. Ina roƙon malamanmu na adabi su riƙa karanta babi guda da ƙarfi a aji, su bar yara su yi gardama kan Safira kafin su faɗi nasu ra'ayin.