Ni da jak da kwallar uwargida

Rowa ce ta kai ni ƙarƙashin mota. Duk kilomita 5,000 sai in tuƙa tsohuwar Corolla tawa daga Aboabo zuwa Suame Magazine, unguwar makanikan Kumasi, a canja mini baƙin mai. In sha cunkoso a shataletalen Suame, in zauna kan benci har ɗuwawu ya mutu, sannan wani yaron fita, wato yaron makaniki, da bai girmi ɗan farina ba ya kwance noti ɗaya ya miƙo mini hannu. Noti ɗaya fa! Rannan na zuba masa ido sosai, na ce a raina, ashe a kan wannan nake ta zubar da sidi.

Ranar Asabar na sayo galan mai cin lita 4, da filta, da sifana mai lamba 14. Na ajiye motar a filin ƙofar gida. Watan Yuni ne, ruwa ya kwana yana zuba, ƙasa ta yi laushi kamar tuwon zafi, amma wanda ya ƙudurta zama Masta ba ya duba ƙasa. Na ciro jak ɗin da ke cikin but, siririn nan mai kama da almakashi, na hau murzawa.

Maƙwabcinmu Baba yana kan bencinsa yana ɓare goro. Tsohon direba ne, ya tsufa yana jan babbar mota tsakanin Kumasi da Bawku.

"Malam, faci aka yi?"

"A'a Baba, mai zan canja."

"Da wannan jak ɗin? To madalla. Ka dai bar wa iyali wasiyya?"

Na yi dariyar yaƙe. Ya ce jak ɗin but don canja taya aka yi shi, mutum yana tsugune a gefe, ba a sa ko kai a ƙarƙashi. Na ce ai na yi tanadi, na jawo bulo biyu na siminti daga ragowar ginin mai gidanmu na ɗora a ƙarƙashin motar. Baba ya tauna goronsa ya ce bulo yana ɗaukar bene ne don nauyin ya bazu a jikinsa, ita kuwa mota wuri guda take dannawa, kuma bulo ba ya sallama kafin ya fashe. Na ji, amma irin jin da ɗan makaranta ke yi wa wa'azin bayan la'asar.

Saura abin tarar mai. Na duba roba ban samu ba, uwargida kuma ta tafi kasuwar Asawase. Sai idona ya faɗa kan kwallarta mai furanni, ta cikin kayan ɗakin da mahaifiyarta ta jera mata ranar aurenmu. Na ce minti goma ne, in wanke da Omo, wa zai sani? Na tura ta daidai ƙasan kwanon mai, na shimfiɗa kwali, na tuɓe riga.

"Kafin ka shiga," in ji Baba, "ɗan girgiza ta mu gani."

Don dai in rufe masa baki, na sa ƙugu na ɗan hankaɗa. Jak ya nutse a taɓo ya karkace, motar ta ja baya don ban ja birkin hannu ba, bulo ya ce ɓas, Corolla ta dawo kan tayoyinta da wata ƙara da ta sa kajin unguwa watsewa. Na leƙa. Kwalla ta koma faifai. Tsakanin cikin motar da ƙasa bai kai taƙi ɗaya ba. Na dubi kwallar, na dubi tumbina, wanda waakye, wato shinkafa da wake, ya yi shekara goma sha yana ginawa, sai ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Baba ya matsa mini a benci, ya ba ni ɓarin goro, bai ce uffan ba.

Sati na gaba shi ya tsaya a kaina. Muka kai motar kan daɓen siminti mai daidai, na ja birki, na sa giya, na tokare tayoyin baya da katako. Ya nuna mini ɗan tsagin da ke ƙarƙashin ƙofa, bayan tayar gaba, inda ake kafa jak. Muka sauke nauyin kan ƙafafun ƙarfe guda biyu da na sayo a Magazine, muka tura safayar taya ƙarƙashin gefen motar saboda tsaro, muka girgiza, ko gezau. Na bar injin ya yi ɗumi minti biyar don man ya tsinke, ya kuwa tsinke, har hammata.

Da na haɗa kuɗin ƙafafun ƙarfe, da bulon mai gida, da sabuwar kwallar da na yini ina nema a Kejetia, sun isa yaron fita ya canja mini mai har Babbar Salla ta zagayo sau biyu. Sabuwar kwallar ma uwargida ta ce furanninta ba irin na mahaifiyarta ba ne. Tsohuwar kuwa ta huda ta, ta rataye a ƙusar da nake ajiye makullin mota.