Kuɗin Haya a Agege da Aikin da Ake Raina wa a Gida

A watan jiya mai gidan da muke haya a Agege ya aiko dillalinsa da takardar ƙarin kuɗi, kuma a Legas na shekara guda ake biya a dunƙule, babu zancen a yi maka haƙuri zuwa ƙarshen wata. Ni mai albashi na kwana ina lissafi, amma maƙwabcina, wani matashi Bazazzage da ba kasafai yake fita ba, ya biya nasa kafin la'asar. Aikinsa fassara da gyaran rubutu ne ga kamfanonin ƙetare, kwangila bayan kwangila ta Upwork, shafin intanet da ke haɗa masu aiki da masu ba da kwangila, kuma da dala ake biyansa.

Tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni domin kasuwa ta riƙa yanke farashinta, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar shekarar. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, ko da aka ƙara shi a Yulin 2024, a naira 70,000 ya tsaya. Dala 300 da a da take naira 138,000 ta zarce 450,000 a 2024, don haka duk lokacin da kwanon shinkafa ya tashi a kasuwar Mile 12, kuɗin wannan yaro ma sun tashi. Ga shi ba ya fita da asuba ya tsaya a bakin titi yana kokawar shiga danfo, kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran Oshodi, fasinja biyar a matse kan bencin katako, a shafe awa biyu a cunkoso kafin a kai ofis. Kuɗin motar nan kaɗai na cinye rubu'in albashina.

Gaskiya aikin ba shi da fansho, kwangila na iya yankewa ba sanarwa, kuma sola da data suna cin nasu rabon. Amma abin da ya fi damuna shi ne da ya je gida da Babbar Sallah, kawunsa ya dube shi ya ce, "To ɗana, yaushe za ka samu aiki?" Wasu ma har suna raɗa cewa ko damfara yake yi. A nan Legas iyaye ne ke biya wa 'ya'yansu kuɗin koyon kwamfuta a Yaba, mu kuwa 'yan Arewa har yanzu takardar ɗaukar aikin gwamnati muke jira.

Alhali wannan aiki namu ne fiye da kowa, domin shi ne wanda ba ya raba mutum da garinsu. Da akwai tsayayyiyar wuta da intanet mai ƙarfi, da yaron nan yana Tudun Wada yana cin tuwon mahaifiyarsa. Shekarata 14 a Legas, kuma ta waya aka sanar da ni rasuwar mahaifina, har aka yi jana'iza ina cikin mota ban wuce Ilorin ba.