Falon Filin Jirgi Ba Gidan Biki Ba Ne

Bidiyon nan da ake ta yawo da shi tun jiya ya ishe ni haka. Mutum yana da zangon awa 7 kafin jirginsa na gaba, ya ciro kuɗi ya biya ya shiga falon hutu na filin jirgi, wanda 'yan tafiya ke kira launj, sai ya ɗaga waya yana haska mana teburin abinci. Ga miya, ga burodi, ga shinkafa da kaza, ga 'ya'yan itace, ga shayi, amma wai an cuce shi, wai damfara ce, saboda bai ga naman da zai cika faranti ba. Jama'a kuma suka yi caa suna taya shi zagi. Ko mutum ɗaya bai tambaye shi ba: Alhaji, ka yi wanka? Ka samu ka yi salla a natse? Wayar da kake haska mu da ita, ka cika mata caji? Ka miƙe ƙafa ko na rabin awa?

Wanda ya auna falon filin jirgi da faranti bai san abin da ya saya ba. Abincin nan gyara ne aka yi maka. Abin da ka biya shi ne ruwan wanka, kujerar da za ka kishingiɗa, soket kusa da kai, banɗaki mai tsabta da ba sai ka bi layi ba, da shiru. In ka fito ba ka mori waɗannan ba, kai ka cuci kanka, ko da rago guda aka gasa maka.

Ku duba yadda tafiyar mutanenmu take. Ɗan kasuwa ya tashi daga Kano zuwa Gwanzu, a ƙasar Sin, ta Addis Ababa: kusan awa 5 a sama kafin ya sauka filin Bole, sannan awa 10 ko fiye suna jiransa a gaba. Mai zuwa Umara ya bi ta Doha, ko Alƙahira, ko Istanbul. Tun daga gida ya sha zafi, ya sha layin awon kaya, gumi ya bushe a jikinsa, ya zauna a matse ƙafa ta kumbura. Mene ne wannan jikin ya fi buƙata, faranti na uku ko ruwan ɗumi? Shi ya sa wanda ya san hanya, yana shiga falo, kafin ya kalli inda abinci yake, wurin ma'aikatan wanka yake fara zuwa ya sa sunansa. Ɗakunan wankan ba su da yawa, kuma a manyan filayen nan jirage a tare suke sauka. A Addis da daddare, lokacin da jiragen Afirka ta Yamma suka shigo, ko a Doha wajen tsakar dare, layin wanka kan yi tsawo. Ka sa suna, ka je ka sha ruwa ka jira a kira ka. Tawul da sabulu za a ba ka, amma singileti da gajeren wando da safa masu tsabta sai ka sa su a jakar hannu tun daga gida. Wanda ya jefa su cikin babban akwati ya yi asara, domin akwatin yana can ƙasa za a wuce da shi jirgi na gaba, ba za ka sake ganinsa ba sai ƙarshen tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai zuwa Umara shi ne ma ya fi kowa buƙatar wannan ɗakin wankan, kuma abin yana ba ni takaici yadda ba a faɗa wa mutane. In jirginka Jidda zai sauka kuma Makka za ka wuce kai tsaye, a sama za ka ratsa miƙati. Wanda ya taso daga Addis ta wajen Yalamlam zai bi, na Alƙahira da Istanbul ta wajen Juhfa, na Doha ta wajen Ƙarnul Manazil. Tafiyar daga Addis ko Doha zuwa Jidda kusan awa biyu da rabi ce kawai. Ina za ka yi wankan harami? A banɗakin jirgi, wanda ko juyawa da ƙyar mutum yake yi, ga mutum goma a bayanka suna ƙwanƙwasa ƙofa? A falon nan ya kamata ka yi wankanka, ka ɗaura haraminka a tsanake, ka yafa mayafi a jiki saboda sanyin na'ura, in jirgi ya kusa miƙati ka yi niyya. Wannan kaɗai ya biya kuɗin shiga. Wanda zai fara da Madina kam babu gaggawa, nasa haramin sai Zulhulaifa.

Na san abin da wasu za su ce: ai kuɗinsa ne, yana da haƙƙin ya ci ya ƙoshi. Wa ya hana shi ci? Ya ci mana. Amma cikin nasa ne zai shiga jirgi da shi. Iskar da ke cikin jirgi in ya lula sama daidai take da ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, kuma duk iskar da ke cikin hanjin mutum kumbura take yi a wannan yanayi. Ka cika ciki da wake, da kabeji, da soyayyen abu, ka kora da lemon kwalba biyu masu gas, sannan ka zauna awa 10 an ɗaure ka da bel. Cikin zai yi tam kamar ganga, barci ba zai zo ba, alwala ba za ta tsaya ba, maƙwabcinka ma ya shiga uku. Ga shi kuma ana tashi da kamar awa ɗaya za a sake kawo maka wani abincin a jirgi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Cin da ya dace a falo ba shi da wuya. Miya mai zafi, musamman miyar adas da Turkawa da Larabawa ke yi, da burodi. 'Yar shinkafa da kaza ko kifi, gwargwadon rabin abin da kake ci a gida. Ayaba, dabino, yogot. A Istanbul akwai abubuwan da ake gasawa a gabanka, irin gurasarsu mai cuku ko nama da suke kira pide, kuma duk abin da aka dafa a kan idonka ya fi wanda ya daɗe a tukunyar ɗumamawa aminci. Ƙa'idar masu abinci ita ce mai zafi ya tsaya sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5. Abin da ke tsakiya, wato shinkafar da ta huce, kazar da ta yi ɗumi-ɗumi, salak mai mayonis da ya daɗe a fili, can ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. In ka buɗe murfi ba ka ga tururi ba, rufe ka wuce. Gudawa a cikin jirgi, kana sanye da harami, ba abin da za ka yi wa ko maƙiyinka fata ba ne.

Ruwa kuwa sha shi sosai. Iskar jirgi busasshiya ce kamar ta hunturun Disamba, danshinta bai cika wuce kashi 20 cikin ɗari ba, shi ya sa leɓe ke tsagewa, kai ya yi ciwo. Gahawar Habasha tana da daɗi, a falon Addis har gasa ta ake yi irin na gargajiya, amma in jirgin dare ne a gabanka, ƙaramin kofi ɗaya ya isa.

Batun halal ma kada a yi sakaci. A Doha da Istanbul da Alƙahira naman ba abin damuwa ba ne. Amma giya akwai ta a yawancin manyan falukan duniya, har da na wasu ƙasashen Musulmi, wani lokaci a firiji ɗaya da lemo, kuma akwai gwangwanin da in ba ka karanta ba za ka ɗauka lemo ne. In zangonka a Turai ne, Faris ko Farankfot ko Landan, karanta 'yar takardar da ke gaban kowane abinci. In ka ga pork, ham ko bacon, ko porc, jambon da lardons a Faransanci, ko Schwein a Jamusanci, alade ne. Wasu kayan zaƙi ana zuba musu giya, wasu miyoyin ma da ita ake dafa su. Tambayi ma'aikaci, aikinsa ne, ba abin kunya ba ne. In ka yi shakka, ga ƙwai, ga kifi, ga 'ya'yan itace.

Wani kuma zai ce to in haka ne ai gara mutum ya zauna a waje ya sayi abinci. A wasu lokutan, ƙwarai kuwa. Zangon awa 2 bai cancanci ka biya falo ba: kafin ka sauka, a sake binciken jakarka, ka nemo ƙofar jirginka, lokaci ya tafi. Zangon awa 4 zuwa 8 shi ne gidan falo. In ya wuce haka, gado kake buƙata. Ethiopian Airlines na ba fasinjan da zangonsa ya kama daga awa 8 zuwa 24 masauki a otel in ya cika sharuɗɗansu, kuma akwai mutanenmu da ke kwana a kan benci a Bole saboda ba su san su je teburin masu canjin jirgi su tambaya ba. Turkish Airlines ma na da tsarin otel ga mai dogon zango, da yawon zaga gari ga mai awa 6 zuwa 24, sai dai duka biyun fita ne daga filin jirgi, kuma fita sai da biza. A filin Hamad na Doha akwai ɗakunan hutu kyauta masu kujerun kishingiɗa, na maza daban na mata daban, ga masallatai, ga lambun da suka buɗe a 2022. Wanda barci kawai yake so ba sai ya biya ko sisi ba.

Kuma kafin ka ciro kuɗi, san ta wace ƙofa kake shiga. Mai tikitin bizines galibi falon kamfanin na cikin tikitinsa, ko da yake Qatar Airways na da tikitin bizines mai rahusa da ba ya haɗawa da falo, sai a duba tun wajen saye. Mai katin zinare na ƙawancen kamfanonin jirage na Star Alliance, wanda Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk suna ciki, yana shiga ko da tikitin ikonomi ne, har da baƙo ɗaya da suke jirgi guda. Masu katin shiga falo na Priority Pass da ire-irensa, waɗanda wasu bankuna ke haɗawa da katinsu, galibi ba babban falon kamfanin jirgi suke shiga ba, nasu daban ne, kuma yawanci ya fi ƙanƙanta ya fi cunkoso. Nan ne mutane ke ganin hoton Al Mourjan, falon masu tikitin bizines na Qatar Airways a Doha, a intanet, su biya kuɗin wani falon, su shiga su ce an yaudare su. Sannan faluka da yawa awa 3 kawai suke ba mai irin wannan kati ko mai biya a ƙofa. In zangonka awa 7 ne ka shige tun saukarka, za ka ƙare lokacinka ka dawo benci da sauran awa 4. Ka yi salla da yawonka a waje tukuna, ka ajiye falon ya zama na ƙarshe, ka fito daga wanka ka nufi jirgi. Mata da yara kuma galibi ba kyauta suke bin irin wannan kati ba, ana cirar kuɗin baƙo, sai ka ga saƙon banki bayan ka koma gida.

Masu cusa lemo da yogot da tuffa a jaka, don Allah ku bari. Abin na ci a wurin ne. Ma'aikatan suna gani, kuma fasfonka ne a hannunka, ba kai kaɗai ake yi wa hukunci da shi ba. Ban da haka, a filayen da ake sake bincike a bakin ƙofar jirgi, duk ruwan da ya wuce mililita 100 kwandon shara zai tafi.

Shirun nan da na ce shi ne daɗin falo, shi ne kuma haɗarinsa. Faluka da yawa ba sa sanar da tashin jirgi. Doha da Istanbul da Addis duk sun riga Najeriya da Nijar da awa 2. Agogon hannunka yana nan a lokacin Kano, ka duba ka ga ai da saura, ka gyara kwanciya, jirgi ya tafi. Lokacin da za ka kalla a katin shiga jirgi shi ne na fara shiga, ba na tashi ba, domin ana rufe ƙofa minti 15 zuwa 20 kafin tashi, kuma a filin Istanbul daga falo zuwa wata ƙofar tafiyar minti 20 ce a ƙafa. Gyara agogo kana sauka, sa ƙararrawa a waya. Cajar ma a kula: soket ɗin Ƙatar mai baki uku ne irin na Najeriya, na Turkiyya da Masar da Habasha mai zagayen baki biyu ne, sai da adafta.

Tunda maganar nisan ƙofa ta zo, ku masu tura iyaye Umara, ina roƙonku da girman Allah. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ba ta jin Turanci, ba ta jin Larabci, an riƙa mata jaka an ce Hajiya sai kin dawo, a filin da allon sanarwarsa ma ba za ta iya karantawa ba. Keken guragu kyauta ne a kowane kamfanin jirgi. Ana neman sa ne tun lokacin yankan tikiti, ko aƙalla awa 48 kafin tashi, a rubuta shi a cikin bayanan tikitin. Ma'aikaci zai tarbe ta tun bakin jirgi, ya wuce da ita bincike, ya kai ta ƙofar jirgi na gaba. Ku sa mata maganinta na hawan jini ko sukari a jakar hannu, ku haɗa mata da rigar sanyi, domin Addis tana kan tudu sama da mita 2,300, sanyin darenta ba wasa ba ne. Ku rubuta lambar jirginta da lambar wayarku da manyan baƙaƙe a takarda, ku sa mata a cikin fasfo.