Kawu Ya Gyara Mini Daji

Dajina gaba ɗayansa a cikin faranti yake. Tsawon farantin bai kai kamu biyu ba, zurfinsa bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma itatuwa tara ne a ciki, kuma a nan Manchesta inda nake zaune babu abin da nake ji da shi kamarsa, in ka cire iyali. Bonsai ke nan, fasahar da Japanawa suka koyo daga Sin suka ƙawata: ka raini itace a ƙaramin mazubi, kana rage masa saiwa da rassa, har ya yi kamannin tsohon itace alhali bai wuce gwiwarka ba. Nawa irin metasikwaya ne, wani dogon itace ɗan asalin ƙasar Sin.

Shirya dajin ma da ƙa'idarsa. Adadin itatuwan mara ake so, ba cika ba. Babban cikinsu ba ya zama a tsakiya, sai a ɗan gefe. Ƙananan a tura su baya don ido ya ga kamar dajin ya yi nisa. Ba a yarda uku su hau layi ɗaya ba, tazarar da ke tsakaninsu kuma kada ta zo daidai. Sai aikin yau da gobe, wanda shi ne mai cin rai, domin metasikwaya ba ta san haƙuri ba. Da bazara ta shigo sai ta yi ta tofo, ni kuma in bi sabon tsiro da farce ina tsinkewa, in bar ganye jeri biyu ko uku. Ƙarfinta duk a ƙololuwa yake, in ba ka matsa wa saman ba rassan ƙasa su rame su mutu. Rassan kuma biyu-biyu suke fitowa suna fuskantar juna, dole ka cire ɗaya. Wayar alminiyam da nake lanƙwasa reshe da ita sai na riƙa dubawa, don kafin ka ankara reshen ya yi kauri wayar ta nutse a ɓawonsa. Ga shan ruwa, da zafi safe da yamma. Da kaka ganyen ya yi ja ya zube ƙaf, abin da ya sa shekarar farko uwargida ta same ni a ƙofar baya ta ce, "Sai haƙuri, Allah Ya mayar da alheri."

Ana nan sai Kawu ya zo daga Funtuwa ganin likitan ido. Mutum ne da ya yi rayuwarsa a gonar masara da auduga. Washegarin saukarsa ya fito bayan gida, ya tsaya kan farantin nan ya daɗe.

"Kai, wannan irin dashe ne? Yaushe za ka kai su gona?"

Na ce, "Kawu, ai nan ne gonarsu. Haka ake so su zauna."

"Haka wa yake so?"

Sai na ɗauko tarihi, a zatona zai burge shi. Na ce masa a 1941 wani masani ɗan Japan, Shigeru Miki, ya raɗa wa itacen suna daga burbushinsa da aka tono a duwatsu, ana ɗauka ya ƙare a duniya shekaru miliyoyi da suka wuce. Cikin shekarun 1940 ɗin kuma sai ga shi da ransa a wani ƙauye a tsakiyar ƙasar Sin, yankin da yanzu yake lardin Hubei. A 1948 lambun Arnold na Jami'ar Harvard ya samu irinsa ya rarraba wa duniya. Na ƙara da cewa a dawa yana wuce mita 30.

Kawu ya gyara zaman hularsa. "Wato itacen da Allah Ya tsare shekaru miliyoyi, kai ne za ka ƙarasa shi a faranti?" Ya taɓa wayar. "Wannan kuma laifin me ya yi ka ɗaure shi?"

Na yi dariya na tafi aiki.

Da na dawo da yamma, tun daga falo na ga uwargida tana kauce wa idona. Kawu yana zaune a bayan gida kan kujerar roba, hannun riga a naɗe, fuskar nan fal annuri. Farantina yana gabansa. Itatuwa shida a ciki, layi biyu, uku-uku, tazara daidai wa daida kamar shukar masara. Na tabbata da zare ya auna. Gansakukar da na daɗe ina lallaɓawa ta rufe ƙasar, ya kankare ta tas, wai ciyawa ce tana cinye musu abinci. Wayoyin ya warware ya naɗe su tsaf ya ajiye mini a gefe, "ko za su yi wani amfanin." Ƙasar akadama da ake kawowa daga Japan, wadda kuɗinta ban taɓa gaya wa kowa a gidan ba, ya ce tsakuwa ce, ya juye ta a lungu ya ɗebo ta lambu.

"Sun yi cunkoso," in ji shi. "Biyu marasa ƙwari na cire. Kai ba ka san ana rage shuka ba?"

Marasa ƙwarin nan su ne 'yan bayan da ke sa dajin ya yi nisa. Na buɗe baki, na tuna ƙanin mahaifiyata ne, ga shi da bandeji a ido ɗaya. Abin da ya fito shi ne, "Sannunku da aiki, Kawu."

"Yauwa. Babban kuma ga shi can, na 'yanta shi."

Ya dasa shi a ƙasa, jikin katangar maƙwabci, har da 'yar kunya zagaye da shi don riƙe ruwa.

Shidan sun yi yaushi, na kai su inuwa ina ta ban ruwa, suka farfaɗo, don itacen akwai taurin rai. Da na kai farantin taron masu bonsai na unguwarmu, wani dattijon Bature ya zagaye shi, ya cire tabarau ya mayar, ya tambaye ni cikin ladabi ko wani sabon salo ne daga Afirka. Na ce ƙwarai, salon Funtuwa ne.

Wanda aka 'yanta kuwa bai yi wata-wata ba. Ƙasar Manchesta ba ta rabo da danshi, abin nema ya samu. Yanzu ya wuce katanga, maƙwabci ya fara gaishe ni sama-sama, mai gidan haya kuma ya aiko da takarda yana tambayar wanda ya ba ni izinin shuka itace kusa da gini. Na kira Kawu na karanta masa, ina fassarawa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce in ba shi lambar mai gidan, shi zai yi masa bayani, kuma kada in kuskura in taɓa itacen kafin ya dawo duba ɗaya idon, don yana da niyyar fito da sauran shidan.