Bashin jirgin ƙasa da alƙawarin zinariya: Kotun Ƙolin Amurka ta yi daidai a 1935

Takardar bashi ce ta dala 1,000 da kamfanin jirgin ƙasa na Baltimore and Ohio ya fitar a 1930. Duk bayan wata shida mai ita zai yanke ɗan tikiti daga jikinta, a ba shi dala 22.50. An kuma rubuta ƙarara cewa da kuɗin zinariya za a biya.

Sai tattalin arziki ya durƙushe. A watan Yunin 1933 majalisar dokokin Amurka ta soke irin wannan sharaɗi, a Janairun 1934 kuma gwamnatin Roosevelt ta ɗaga farashin zinariya daga dala 20.67 zuwa 35 kowace oza. Wani mai riƙe da takardar, Norman, ya ce shi fa dala 38.10 yake bi, wato darajar zinariyar dala 22.50 a sabon farashi. Maganar ta kai Kotun Ƙoli tare da ta layin St. Louis, Iron Mountain and Southern, wanda ya jinginar da kadarorinsa a 1903, lokacin fansa kuma ya cika a 1933. A Fabrairun 1935 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu: a biya dala a kan dala, wato adadin da aka rubuta, da dalar takarda.

Na san alƙawari kaya ne, kuma hujjar alƙalai huɗun nan ba ta wasa ba ce. Mutumin da ya ba da guminsa bisa sharaɗi a rubuce yana da haƙƙin a cika masa. Duk da haka ina tare da masu rinjaye.

A duba inda kuɗin jirgi ke fitowa. Manomin da ya loda alkama da fasinjan da ya yanki tikiti da dalar takarda suke biya, farashin ma hukumar gwamnati ce ke ƙayyade shi. Da Norman ya ci, da bashin kamfanonin ya ƙaru da kashi 69 cikin ɗari dare ɗaya, a lokacin da layuka da dama ke hannun kotu saboda karayar arziki. Me mai jingina zai ƙwace? Layin dogo ba gona ba ne da za a yanka a raba. In jirgi ya tsaya, ƙarafuna ne kawai cikin ciyawa.

Kuma Norman bai yi asara ba. Farashin kaya ya faɗi warwas bayan 1930, a 1935 dalarsa 22.50 tana saya masa fiye da abin da za ta saya ranar da aka fitar da takardar.